Rakiyar Kawu Tanimu Zuwa Dubai

Kano

Kafin kiran assalatu muka bar Fagge. Ni fitilun sola nake sarowa, Dubai ba baƙon wuri ba ne gare ni. Wannan karon Kawu Tanimu na raka, ƙanin mahaifiyata. Da ƙuruciya shi ya fara busa waƙoƙin algaita da saksofon, cikin makaɗan jaz na otal-otal ɗin Sabon Gari. Ya daɗe da bari, yanzu shi ke riƙe da makullin masallacin layinmu. Wata cibiyar fasaha ta Dubai ce ta tono tsofaffin fayafayansa, ta ce za ta ba shi babbar lambarta.

Sharaɗinsa ɗaya, kada unguwa ta ji. Aka ce wurin likitan ido za shi.

Hor Al Anz

Muka canza jirgi a Addis, muka sauka washegari. Cibiyar ta kama masa otal, ya ce shi da otal sun rabu. Na kai shi gidan da 'yan kasuwarmu ke sauka a unguwar Hor Al Anz. Muna cin biriyani sai ga Alhaji Sabo mai atamfa, abokin sahunsa a masallaci.

"Malam Tanimu, kai ma fataucin ka shiga?"

"Ido ne, Alhaji."

"To gobe da ni za a je asibitin."

Na kawo dalilai don in hana shi, ya ce shi lada yake nema, shi ke nan.

Zauren taro

Washegari direban cibiyar ya kwashe mu da la'asar, har da Alhaji. A ƙofar zauren ga hoton Kawu kusan tsayin bango, suma buzu-buzu, wando mai faɗin ƙafa. Alhaji ya dubi hoton, ya dubi Kawu.

"Lallai likitan nan yana ji da kai."

Kawu ya toge. Na ce, "Kawu, kaya ya riga ya fita kwastan. Ka shiga ko ka koma, Alhaji ya gani."

Ya shiga. Aka karanta tarihinsa da Larabci da Turanci, aka ba shi lambar, aka miƙo masa saksofon. Ya yi busa kaɗan, numfashi ya gaza, ya sauke. Jama'a suka miƙe tsaye. Alhaji bai tafa ba, bai kuma fita ba. A mota ya ce shi ba zai kai labari ba, amma in an tambaye shi ba zai yi ƙarya ba.

Gida

Na tura kayana ta jirgin ɗaukar kaya, muka dawo. 'Yan dubiya sun cika zaure, har da Liman.

Liman ya ce, "Yaya idon, Malam Tanimu?"

"Idona lau, Malam. Lambar busa na je karɓa. Busar da na yi a otal."

Liman ya daɗe yana gyara bakin rawaninsa.

"Tunda lafiyarka ƙalau, sai ka karɓi makullinka. Wanda ka bar wa shi, kullum makara yake yi."

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da duk wanda ya zo sannu da zuwa.