Gonar Firgi a Ƙasar Ƙanƙara

Har yau ban manta da Talatar da aka zo duba koyarwata ba. Lokacin ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandaren 'yan mata a Maisandari, na daɗe a mataki na tara. A tsarinmu, kafin a ƙara wa malami girma sai jami'i daga ma'aikata ya zauna a ajinsa ya rubuta rahoto. Ni kuwa, Hajiya Yagana aka turo mini, wadda kowa ya san ba ta wasa a bakin aiki.

Darasin ranar shi ne kamannin hamadar zafi da hamadar ƙanƙara. Na shirya hotuna masu kala a kwamfuta, ina shiga aji aka ɗauke wuta. Dole na raba kwafi baƙi da fari da na ajiye a jaka.

Hoton farko na ƙasa ce da ta tsattsage gida-gida. Kafin in buɗe baki, wata ɗaliba mai suna Falmata ta miƙe.

"Malama, wannan ai firgi ne, baƙar ƙasar nan ta laka! Gonar kakana ce a Dikwa, inda muke dasa masakwa, dawar rani."

Na ce, "Falmata, wannan ƙarshen duniya ne ta kudu, inda ruwa ke daskarewa."

"Wallahi Malama, har inda nake zama na gani!"

Aji ya fashe da dariya. Na ajiye takardar darasina, na tambaye ta me ke tsaga firgi. Ta ce bushewa. Na ce can sanyi ne ke matse ƙasa har ta tsage haka. Daga nan suka karɓe darasin. Wata ta gane tuddan rairayi a hoto na biyu, na ce ƙanƙara ce iska ta tara. Su da kansu suka gano dalili: ruwan sama kaɗan, ba tsiro, iska na yin yadda ta so.

Can sai Hajiya ta ɗaga hannu kamar ɗaliba.

"Malama Hauwa, ba ni hoton nan. Ni ma 'yar Dikwa ce."

Ta duba, ta yi dariya har da hawaye. "Yarinyar nan tana da gaskiya!"

Takardar ƙarin girmana ta fito a zangon gaba. Tun daga ranar, ba na fara darasi sai na tambayi yara abin da suka taɓa gani da idonsu. Sau da yawa rabin darasin yana wurinsu.