Magagi Mai Burodi da Amalanken Surukinsa

Duk wanda ya sha shayin safe tsakanin Filinge da ƙauyukan hanyar Bonkuku ya san Magagi mai burodi. Tun yana saurayi yake ɗaure kwali a bayan keke yana bin rugga da ƙauye, har furfura ta fara leƙo masa. Keken kuwa ya sha walda har mai waldar ya gaji da ganinsa.

Shi ya sa da aka ce matasan gari sun shirya tseren keke, kuma sabon keke za a ba na ɗaya, Magagi ya ɗaura ɗamara. Sai dai masu shirin, Allah ya shirye su, ranar Lahadi suka zaɓa, ranar kasuwar Filinge, lokacin da kwalta ke cika da amalanke, awaki da manyan motocin kaya. Matarsa Balkisa har da hawayenta. Ba keken ya dame ta ba, tsoronta kada a kawo mata shi a kwance.

Ranar tseren, a kan hanyar dawowa gari, Magagi ne gaba, yaran duk ya bar su suna haki. Ana dab da kwanar shiga gari sai ga amalanken jaki ya tare hannunsa. Ya karkata hagu zai wuce, sai ya gane rawanin mai amalanken: Malam Idi ne, mahaifin Balkisa.

To, Magagi bai taɓa wuce surukinsa a kan keke ba. Kafin ya yi tunani hannunsa ya damƙe birki, ya diro, ya tuɓe takalmi ya durƙusa a gefen hanya.

Gwiwarsa ba ta gama taɓa ƙasa ba wata babbar mota ta ɓullo daga kwanar, ta bi ta daidai inda zai shiga, ko oda babu. Iskarta ta kayar da keken. Yaran da ke baya suka ja birki suna salati, da hanya ta buɗe suka wuce abinsu.

"Baba, ina wuni?" in ji Magagi.

Tsohon ya daɗe yana kallon bayan motar.

"Lahiya lau. Tashi ka aza kekenga bisa amalanke mu tahi tare. Ɗiyata ba ta yin takaba yau."

Magagi ya so ya yi dariya, sai kuka ya zo masa, na jin daɗi. A bayan jaki ya shiga gari, na ƙarshe, da ransa.