Rumfar da Ta Ba Titi Baya

A shekarar da aka damƙa mini aikin rumfar jiran mota, ina ɗaukar kaya ne a ɗakunan ajiya na tashar jiragen ruwa. Gidanmu yana unguwar Kurayyat, a birnin bakin teku da ke yamma da Makka. A nan kakana ya zauna bayan ya sauke farali, bai sake komawa gida ba, a nan kuma aka haife ni. Kowace safiya mukan tsaya bakin babban titi muna jiran bas, mu da mutanen unguwanni biyu da suka sa mu a tsakiya: ta Hausawan Sudan daga kudu, da ta 'yan kasuwa daga arewa. Babu inuwa a wurin. Riga kan jiƙe tun ba a fara aiki ba.

Wani dattijo daga unguwar Hausawan Sudan, abokin mahaifina, shi ya kawo shawara. Duk wanda ya ƙara ɗaki a kan gidansa ko ya buɗe kanti a unguwannin nan uku, ya sa wani abu a asusu ɗaya, tunda kowane sabon ɗaki mutum ne zai ƙaru a bakin titi. Da abin da ya taru za a gina rumfa uku, ɗaya bayan ɗaya. 'Yan kasuwa suka ja baya, don yawancinsu suna da motoci, kuma su suka fi kowa gini. Dattijon ya yi ta zirga-zirga har suka ce to, amma za su ga yadda ta farko za ta kasance. Don kada a ce kansa yake so, sai ya ce a fara da tamu, ta unguwarsu ta biyo baya. Alhali unguwarsa ce ta fi tsofaffi, kuma matarsa a bas take zuwa asibiti.

Ni aka zaɓa in tsaya kan ginin. Karatuna bai wuce firamare ba, ban kuma taɓa sa an ɗora bulo kan bulo ba. An dai san ni da komawa in duba ƙofa bayan na kulle, da sake alwala in na yi shakka. Dattijon ya ce, "A ba ɗan nan. Ko ƙusa ɗaya ba za ta ɓata a hannunsa ba."

Takardar izini ta fito, mai filin ya yarda, aka kewaye wurin da koren ƙyalle. Filin yana yamma da titi. Ranar da za a ja layin ginin na zauna kan bulo in gwada yadda mutum zai zauna yana kallon titi, na miƙe ƙafafu. Sai na ga inda suka nufa. Gabas ce, wajen Makka.

Tun muna yara, in ɗayanmu ya miƙe ƙafa wajen alƙibla, mahaifiyarmu ba ta magana, mafici take kai masa a ƙwauri. Na tuna da mazan da za su zauna a nan a gajiye, da takalman aiki masu ƙura, kowa ya miƙe ƙafa wajen Ɗakin Allah, kullum, har bayan raina, kuma ni ne sanadi. Kwana biyu abinci bai shiga mini ba. Ban tambayi kowa ba, don ina jin kunyar a ce ko wannan ban sani ba.

Na ce wa maginin, wani mutumin Yaman, ya sa bango ta gabas, benci ya jingina da shi, a buɗe ta yamma.

Ya dubi titi, ya dube ni. "Ya hajji, bango a nan? Tsakanin mutane da mota?"

Na ce e.

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Ya ɗaga kafaɗa ya ce halas, shi ke nan, kuɗinku ne. Har yau ina mamakin yadda na tsaya a wurin kwana da kwanaki ina auna siminti, ina duba kowace ƙusa, amma ban taɓa tunanin direba ba.

Safiyar da aka cire ƙyallen na riga kowa zuwa. Mutane suka fara isowa ɗaya ɗaya, kowa ya zo sai ya tsaya cak. Wani abokin aikina ya zagaya rumfar, ya dawo, ya ce, "Jama'a, wa ya ɓata mata rai ne?" Wasu suka yi dariya. Rana ta soma zafi, sai aka shiga aka zauna, ana kallon bayan gidajen mutane da juji. Ni ma na zauna, ina gaya wa kaina ai inuwa ta samu.

Muka ji ƙarar bas. Ba ta rage gudu ba. Direban ya ga bango, bai ga kowa ba, ya wuce. Kafin mu zagayo titi ta yi nisa, mutane na ɗaga hannu a banza. Na tsaya riƙe da ledar abincina. Wasu sun rasa aikin ranar, don a wurinmu in ka makara an sa wani.

Bayan la'asar aka taru a ƙofar masallaci. Wakilin 'yan kasuwa ya tambaye ni dalili a gaban kowa, na faɗa. Limaminmu ya matso ya ce a hankali, "Ɗana, wa ya gaya maka laifi ne mutum ya zauna kan benci yana fuskantar alƙibla? Ai abin so ne. Yanzu fa, ina ka sa suka juya mata?"

Sai a lokacin na gani. Duk wanda ya zauna a rumfar, baya ya ba alƙibla.

Wakilin 'yan kasuwa ya miƙe yana kakkaɓe riga. Ya ce sun ga ta farko, ta ishe su. Dattijon ya bi shi har bakin mota yana cewa za a gyara, kuskure ne na mai tsoron Allah. Mutumin ya ce, "Baba, muna girmama ka, amma mu mun fita."

Na rushe bangon da hannuna ranar Juma'a da safe, na biya maginin daga aljihuna ya juya bencin. Hakan bai dawo da su ba. Na je kantin wakilinsu sau biyu, ya ba ni shayi, ya ce maganar ta wuce.

Abin da ya rage a asusu, da ɗan abin da unguwanni biyu suka iya ƙarawa, ya isa ginshiƙai huɗu da rufin kwano a unguwar Hausawan Sudan. Babu bango, babu benci. Na daɗe ina kauce wa hanyar. Wata safiya dole ta bi da ni ta wurin, na tarar da dattijon da matarsa a ƙarƙashin kwanon. Ita tana zaune kan kujerar roba da ya ɗauko mata daga gida, shi yana tsaye riƙe da takardun asibiti.

Na gaishe su kaina a ƙasa. Na ce, "Baba, ka yafe mini."

"Yalla, ɗago kanka," in ji shi. "In bas ta zo zan kama ta mu shiga. Ka mayar mana da kujerar gida, ka ce wa 'yata ta kawo ta nan da azahar."

Bas ta tsaya, suka shiga. Na ɗauki kujerar.