Karkataccen Daɓen Labaran

Duk wanda ya san tsohon bankin da ke bayan kasuwar Omdurman ya san Labaran. Dogo ne, siriri, ga taurin kai kamar me, irin mutumin da in ka tambaye shi dalilin abu sai ya dube ka kamar ka zage shi. A yankin Jazira na ƙasar Sudan ya tashi, ya tsinci auduga har yatsunsa suka yi kanta. Shekara guda bayan samun 'yancin kai ya ce shi fa ya gaji, ya hau motar kaya ya shigo birni, ya faɗa aikin gini wajen wani ɗan kwangila mutumin Girka, Hawaja Manoli, don hawaja ake ce wa Bature a can.

Bankin nan shi ne aikinsu na farko tare. Harsashinsa dutse ne, bangonsa jan bulo, mai kaurin da mutum zai kishingiɗa a bakin taga ya yi barcinsa. Rufin yana can sama, da 'yan tagogi jere a ƙarƙashinsa inda zafi ke ficewa, shi ya sa ko a watan Mayu ka shiga sai ka ji kamar ka leƙa cikin randa. A gaba kuma aka yi doguwar baranda mai baka biyar.

A barandar nan leburori ke salla, kuma kullum sai an yi gardama. Tsofaffin da suka taso daga yamma, can ƙasar Hausa, sun saba fuskantar gabas tsaf, alhali a nan alƙibla ta karkata zuwa arewa. Wannan ya ja liman nan, wancan ya tura shi can. Abin ya ishi Labaran. Da Hawaja ya tafi tashar jirgin ƙasa neman ƙofar ƙarfen da aka aiko, ya kwana uku yana fama da takardu, sai Labaran ya je babban masallaci da sanda da zare, ya auna yadda inuwa ke kwanciya a kan sahu da hantsi. Washegari a daidai wannan lokacin ya kafa sandarsa a baranda, ya ja zarensa, ya shimfiɗa tayil gaba ɗaya a karkace.

Hawaja ya dawo ya yi ta ihu cikin yare uku. Amma siminti ya riga ya kama, ranar buɗe banki ta matso. Da manyan banki suka zo duba aiki, sai Hawaja ya murza gashin baki ya ce musu ai sabon salo ne, haka ake yi a Iskandariyya. Suka yaba masa ƙwarai.

Shekaru suka ja. Gwamnati ta karɓe bankin, aka sauke allon suna aka ɗora wani, daga baya aka sake wani. Hawaja ya koma ƙasarsu. Leburorin da suka san labarin wasu suka rasu, wasu suka koma unguwar Alsawra. Teloli da masu shago suka ci gaba da azahar da la'asar a barandar, kowa ya ɗora yatsun ƙafa a kan layin tayil, sahu ya miƙe ba tare da an ce uffan ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayar yadda aka yi. Labaran ya tsufa, gwiwa ta hana shi aiki, ya zama kullum yana nan jingine da baka ta uku yana shan shayi.

A shekara ta talatin da ginin, hedikwata a Hartum ta turo injiniya ta gyara shi. Sunanta Ni'mat, yarinya mai kuzari, ga tef ɗin awo a hannu. Labari ya bazu cewa za a fasa daɓen baranda a zuba sabo miƙaƙƙe. Ranar Labaran ya koma gida ya ture akushi.

Matarsa Indo ta ce, "Malam, ka je ka faɗa mata mana. Bakinka ciwo yake?"

"Ni in je in roƙi sa'ar 'yar cikina? Tana da ido ai."

"To zauna nan da girman kanka, su kwashe maka shi a baro."

Maganar ta soke shi, don gaskiya ce. A duk ginin nan babu abin da yake nasa sai wannan daɓen, kuma yana son sa kamar ɗa.

Washegari Ni'mat ta durƙusa tana awo, manajan banki na tsaye a kanta, Labaran na gefe. Ta auna, ta sake aunawa, ta yi tsaki. Ta ce da Larabci, "Da ado ne, da ya raba kusurwa daidai. Wannan bai raba ba. Wanda ya yi aikin nan ko dai bai iya ba, ko kansa ba daidai yake ba."

Labaran ya ajiye kofi. Cikin Hausa ya ce, "Kaina lafiya lau."

Ashe 'yar gida ce, iyayenta Hausawan Alsawra. Kunya ta rufe ta, ta gyara mayafi. "Ma'alesh, Baba, yi haƙuri, wallahi ban sani ba. Amma me ya sa ka yi shi haka?"

Shekara talatin yana jiran wannan tambayar. Da ta zo kuma, sai halin nasa ya motsa. Ya ce, "Ki sha shayi. Ki jira azahar."

Ta jira, don ba ta da bakin ƙi. Aka kira salla, mutane suka ɓullo daga shaguna hannu na ɗigar ruwa. Tana zaune a cikin banki tana kallo ta taga, ta ga sahu ɗaya ya tsaya a kan layi, na biyu a kan wani layin, har da manajan da ya sa hannu a fasa, yatsunsa a kan aikin Labaran. Ana sallamewa ta ruga mota ta ɗauko kamfas mai nuna jiha, ta ɗora a kan tayil. Ta dube shi, ta dubi tsohon, ta sake duban kamfas.

"Ya salam! Baba, da me ka auna?"

"Sanda da zare."

Manaja ya kama baki. "Shekara shida ina salla a nan, ni na ɗauka dace ne!" Masu shago suka kwashe da dariya, wani tela ya rantse shi ya sani tun tuni, aka ce masa ya yi wa mutane shiru.

Nan take Ni'mat ta buɗe takardar zane, ta ja layi a kan baranda, ta rubuta a bar ta yadda take. Tayil goma sha ɗaya ne suka tsage, su kaɗai za a canza, kuma a gaban Labaran. Sannan ta tambaye shi wa ya koya masa.

Ya ce mahaifinsa ne, Mainasara, wanda ya taso da ƙafa daga Haɗeja da niyyar aikin hajji, guzuri ya ƙare masa a Jazira, ya tsaya neman na gaba har ƙasa ta rufe shi a can.

"Bai isa Makka ba," in ji Labaran. "Amma ko tsakar gona ka tashe shi, zai nuna maka inda take."

Ni'mat ta rubuta sunayen biyu a gefen zanen, na uban a sama. Labaran bai iya karatun boko ba, amma ya karɓi takardar ya riƙe ta da hannu biyu, ya ƙi sakinta har sai da manaja ya sa aka buga masa kwafi ya tafi da shi gida.