Wadda Ake Gwada Fitila da Ita

A duk tarihin shagon hoton da ke kusurwar layin masu gyaran waya, ba a taɓa ɓatar da fuskar mutum ba. Malam Kwafi ne ya faɗi haka, kuma da yake shi ne mai ajiyar hotunan, babu wanda ke da hanyar ƙaryata shi. An dai taɓa ɓatar da makullin shagon, da tsani, da wani ma'aikaci da aka aika sayo tawada wanda har yau ana jiran dawowarsa. Amma fuska, a'a.

Shagon na yayansa ne. Da yayan ya rasu, ɗansa ya gaje shi, ya sa kujera mai juyawa, ya ce a riƙa kiransa Manaja. Malam Kwafi kuwa da ɗaukar hoto ya fara, har idonsa ya soma gardama da kyamara, sai ya koma ɗakin baya. Ɗakin bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Akwai tebur, da kwamfuta, da fankar da ke juya kai kamar mai ƙin magana. A nan kowane hoto ke kwana bayan an ɗauke shi.

Faifan ajiya uku gare shi. Ɗaya a aljihun tebur, ɗaya a gida cikin durowa a naɗe da tawul, na ukun a wajen amininsa mai kemis, saboda a ganinsa da wuya wuta ta ci wuri uku a rana guda sai in da gangan take yi. Duk ƙarshen mako sai ya kwafe aikin makon a cikinsu, ya buɗe ya duba, ya sake dubawa. Nan ya samo sunan Kwafi. Bai taɓa jin haushinsa ba, don yana ganin kamar digiri ne aka ba shi ba tare da ya sha wahalar jarrabawa ba.

Dokarsa ɗaya ce, kuma shi ya kafa ta. Kowane hoto ana ajiye shi ne da lambar rasiɗinsa. Wanda ba shi da rasiɗi ba aiki ba ne, gwaji ne, sai ya tafi wata folda mai suna Gwaji, wadda yake sharewa tas duk ƙarshen wata. Ba mugunta ba ce. Faifai na cika, kuma ya ga yadda wasu shaguna ke tara tarkace har su kasa gano hoton jiya. A wajensa kuwa mutum zai zo ya ce, “Malam, hoton kammala makarantar ɗana, wanda yanzu shi ma yana da ɗa,” kafin ya gama gyara zama an ɗora masa a allo. Wata tsohuwa ta taɓa fashewa da kuka a ɗakin nan. Malam Kwafi ya miƙa mata hankici, ya rubuta mata sabon rasiɗi.

Matarsa kan kawo masa abinci da rana. Duk ranar da aka sayo sabuwar fitila, ko aka canja labulen baya, ita yake zaunarwa a kujerar ɗauka.

“Maman yara, zauna mu gani.”

“Ni dai a shagon nan ban da matsayi sai na kan gwaji. Yaushe za a fara biyana?”

“Ɗaga haɓa. Fuskarki ba ta rufa wa fitila asiri, shi ya sa.”

“Ji wani yabo! Shekara da shekaru ana zaune tare, abin da aka gano ke nan?”

Sai ta yi dariya, ya danna. Ta kama kwanon ta ce abinci zai huce, ya danna. Ta harare shi, ya danna. Daga nan ya duba allo ya ce hasken hagu ya yi yawa. Ta ce ita dai hagunta da damanta lafiya lau suke.

Saboda wannan zama ne ba ta yarda a ɗauke ta da waya. In 'ya'yanta suka ɗaga waya sai ta kare fuska da mayafi ta ce, “Ku rufa min asiri. Mijina mai hoto ne, me zan yi da hoton waya? Hotunana sun fi na kowa yawa a garin nan.” Gaskiya ta faɗa. Babu wanda aka ɗauka kamarta.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. Bayan an share makoki, kowa ya koma harkarsa, sai ga autarsu a ɗakin baya da goyonta.

“Baba, hoton Mama nake so. Babba, wanda zan rataya a falo. Yarinyar nan za ta taso ba ta san kakarta ba.”

“Wane iri? Mai labulen shuɗi ko fari?”

“Wanda take dariya.”

Ya jawo madannan kwamfuta da ƙarfin gwiwar mutumin da bai taɓa jin kunya a gaban allo ba. Yatsunsa suka je inda ake sa lamba, suka tsaya. Auta na jijjiga yarinya, ba ta lura ba. Ya ce mata kwamfutar na ɗan nauyi yau, ta dawo jibi.

Ya san amsar tun kafin ta fita, amma ya duba. Ya duba faifan tebur. Ya je gida ya buɗe durowa, ya ɗaga zannuwanta da har yanzu ba a raba ba, ya zaro na cikin tawul. Ya je wajen mai kemis ya karɓo na uku, wanda bai bambanta da sauran ba ko da ɗigo, don shi da kansa ya tabbatar da haka kowane mako. Direbobi na nan, amare na nan, jarirai masu kuka na nan, har da wani da ya zo da ragonsa. Foldar Gwaji ma na nan, fes, kamar ɗakin da aka share ana jiran baƙo.

Manaja ya leƙo ya same shi zaune, fanka na ta girgiza kai.

“Baffa, ai abin da aka goge ana iya dawo da shi. Kwandon sharar kwamfutar fa?”

“Shi ma ina zubarwa.”

“Katin kyamara?”

“Wankewa nake kafin a sake ɗauka.”

Manaja ya kira masu gyaran waya, su kuma suka kira wani da suka ce ya fi su. Mutumin ya wuni yana bincike, ya tashi yana karkaɗe wando ya ce shi dai bai taɓa ganin aiki mai tsafta irin wannan ba. Malam Kwafi ya gode masa.

Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne bai yi kuskure ba. Da kuskure ne, da ya san inda zai ɗora laifi, ko a kan wuta, ko a kan tsufa. Duk wata yana ganin fuskarta a jere a allo kafin ya share, wani lokacin har ya ɗan tsaya a kan ɗaya ya yi murmushi. Bai taɓa ɗaukar su a matsayin abin da ake ajiyewa ba. Mai fuskar ai za ta zo gobe da kwano.

Da Auta ta dawo, bai yi mata kwana-kwana ba.

“Baba, ko ɗaya?”

“Ba ta taɓa yankar rasiɗi ba.”

Auta ta buɗe jakarta, ta fito da katin asibitin mahaifiyarta, wanda ta tsinta cikin kayan jinya. A kusurwarsa akwai ɗan hoton fasfo an manne da ƙusar takarda. Fuskar a ɗaure take, hasken hagu ya yi yawa.

“To a ƙara girman wannan,” in ji ta.

Ya sa farce ya ɓanɓare shi a hankali don ya ɗora a na'urar kwafe hoto. Ya tuna ranar. Matarsa ta zo ta ce asibiti na son fasfo, shago cike da 'yan makaranta, ya ce ta bari layi ya ragu. Ya juya hoton. A bayansa akwai hatimin shagon hoton da ke tsallaken titi.