Bututun Ban Ruwa a Aji Huɗu

Shekarar da aka tura ni wata firamare a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, hedimasta ya ba ni aji huɗu, ya haɗa mini da darasin kiɗa da waƙa. Na tambaye shi kayan kiɗa. Ya buɗe mini kabad ɗin ofis, ba komai ciki sai alli da tsintsiya.

"Malama, ai kowane yaro da bakinsa ya zo," in ji shi yana dariya. "Ki fara da wannan."

Makon farko na cika allo da do, re, mi, yadda aka koya mana a kwaleji. Yaran suna maimaitawa suna hamma. Wata ranar da la'asar, ina komawa gida ta bakin kanal ɗin ban ruwa, sai na hango 'yan ajina a gonar shinkafa suna korar tsuntsaye. Sun jera gwangwanaye a igiya, ɗaya tana ja, ɗaya tana ba da waƙa, sauran suna amsawa, kuma ba mai riga wani. Na daɗe tsaye ina saurare.

Washegari na ce kowa ya zo da duk abin da ke ƙara a gidansu. Aka kawo gwangwanin tumatir da tsakuwa a ciki, da ƙwarya, da murfin tukunya. Akwai wata siririyar yarinya a layin baya, wadda ko sunanta aka kira da kai take amsawa. Ita kuwa ta shigo tana jan bututun roba, irin wanda manoma ke zuƙo ruwa da shi daga kanal zuwa fangali. Ta cire silifas ta bugi bakinsa, ya ba da murya mai kauri kamar ganga. A hankali ta ce mini in an gajarta shi muryar takan sirance. Na ɗauka yasasshe ne, sai muka aro wuƙa wurin mai rake, muka raba shi uku, dogo da matsakaici da gajere.

Ana cikin darasi na gaba, wani dattijo ya yi sallama a bakin aji, da laka har gwiwa. Mahaifinta ne.

"Malama, an ce bututuna yana wurinki."

"Yana nan, Baba," na ce, "sai dai ya zama uku."

Ya dubi gutsattsarin, ya dubi 'yarsa da ta sunkuyar da kai. Na ba shi haƙuri, na ce zan nemo masa wani. Sai ya tambayi abin da muke yi da su. Na ce ya zauna ya ji.

Yarinyar ta fara bugawa. Masu gwangwani suka shigo, masu ƙwarya suka bi, can sai ta ɗaga murya ta ba da waƙar korar tsuntsayen, aji duka ya amsa. Ban taɓa jin muryarta sosai ba sai ranar. Dattijon yana kan bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, yana kaɗa ƙafa, busasshiyar laka na zuba ƙasa. Da suka gama ya ce su sake.

"Ashe haka kike, uwata?" ya ce mata. Ta rufe fuska da hijabi tana dariya.

Bai karɓi sabon bututu ba. Ran Litinin ma sai ga shi a kan babur da damin tsofaffin bututai da ya bi maƙwabtansa ya tattaro, har kowane benci ya samu nasa. Ƙarar ta yi yawa, malamin aji biyar ya kai kuka ofis, aka mayar da mu gindin mangwaron da ke bayan makaranta. A nan muka ƙarasa zangon. Masu wucewa da kwandunan tumatir sukan rage gudu in sun zo daidai wurin, wasu har su kashe babur su tsaya sai an kai ƙarshen waƙa.