Ranar da Doguwa Ta Sunkuya

Tun tana firamare ake ce mata Doguwa, domin a layin taron safe kanta ne kaɗai ke leƙowa sama da na sauran yara. Mahaifinta tela ne, kuma ita ce abin gwajin ɗinkinsa. Idan ya harhaɗa riga, sai ya tsayar da ita a kan benci, fil cike da bakinsa, ya ce ta hanci, "Kada ki motsa." A kan bencin nan wata mata mai shirya nunin tufafi ta gan ta, shekarar da ta gama sakandare. Matar, wadda kowa ke kira Anti, ta kewaya ta tsaf, ta ce wa telan, "Malam, wannan ta fi ƙarfin benci. Ka ba ni aronta."

A wancan zamani ba a san gaggawa ba. Yarinya kan yi watanni tana tafiya da littafi a ka kafin a bar ta ta taka dandamali. Dokar Anti ɗaya ce: "Ki zaɓi wuri a bangon baya, sama da kawunan jama'a, ki kafa masa ido. Ba murmushi, ba kallon kowa. Riga aka zo gani, ba ke ba." Doguwa ta riƙe wannan doka har ta zame mata jiki. Hotonta ya shiga mujallu da kalanda, mahaifinta ya rataye ɗaya a shago, shekarar ta wuce bai sauke ba.

Sai dai wannan sana'a ba ta tsufa da mai ita. Sababbin 'yan mata suka taso, kiran waya ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Ana cikin haka wani darakta ya ba ta ɗan matsayi a wasan talabijin: 'yar da ta zo duba mahaifinta a asibiti. Ban da wannan ba ta da wata ƙofa.

Asibitin wani ofis ne aka kwashe teburansa, aka sa gadon ƙarfe da koren labule. A kan gadon wani dattijo ne kwance, tsohon ɗan wasan rediyo da ake kira Kawu. Aikinta kawai ta shigo, ya ce "Kin zo?", ta amsa. Aka kunna kyamara. Doguwa ta shigo da takunta na dandamali, ta tsaya cak, ta karkata kafaɗa, ta kafa ido sama da kan gadon.

"A tsaya!" in ji darakta. "Doguwa, mahaifinki ne fa kwance rai a hannun Allah. Me kika ajiye a bango?"

"Ranka ya daɗe, ai shi nake kallo."

"Shi? Sai dai in a silin aka kwantar da shi."

"Agogo take nema," in ji mai kyamara, "ta ga ko lokacin ziyara ya ƙare." Aka kwashe da dariya.

Aka sake, aka kuma sakewa. Tana shigowa da niyyar kallon tsohon, amma da fitila ta haske ta sai bayanta ya miƙe, idonta ya haye bango da kansa. Da rana ta yi, darakta ya sassauta murya ya ce, "Bayan an ci abinci za mu gwada na ƙarshe. In bai yiwu ba ki yi haƙuri, akwai mai jira."

Ba ta iya cin komai ba. Ta zauna a baranda tana tunanin abin da za ta ce wa mahaifinta, wanda ya riga ya sanar da duk masu kawo masa ɗinki cewa za su ga 'yarsa a talabijin.

Aka koma. Ta shigo, ta tsaya, tana jiran "Kin zo?" Shiru. Ta wutsiyar ido ta ga leɓen Kawu na motsi, amma ba ta jin komai. In ba ta ji maganarsa ba, ba ta san lokacin tata ba. Ta matsa kusa. Har yanzu ba ta ji. Ta dafa ƙarfen gadon ta sunkuya, ɗankwalinta ya zame, ta zuba wa bakinsa ido. A nan ta ga fuskarsa: idanu jajaye sun cika da ƙwalla.

"Baba, me ka ce?" Wannan ba ya cikin abin da aka rubuta mata.

"Na ce kin zo, 'yata?"

"Na zo, Baba," in ji ta, muryarta ta karye. Ba wanda ya ce a tsaya.

Da aka kashe kyamara, darakta ya riƙe ƙugu ya ce, "Ina kika ɓoye wannan tun safe?" Ya bar mata matsayin, daga baya ma ya sa aka faɗaɗa shi. Daga nan sai fina-finai, sannan tashar talabijin ɗin ta ba ta shirin hira na safe, wanda ta yi shekaru tana gabatarwa. Baƙinta, manya da ƙanana, sukan fita suna cewa ba a taɓa sauraron su haka ba.

Amma a ranar nan ba ta san duk wannan na tafe ba. Abin da ta sani kawai, ba a sallame ta ba. Ta samu Kawu zaune a bakin gado yana ɓamɓare filastar ƙarin ruwa daga hannunsa, ta durƙusa.

"Kawu, Allah Ya saka da alheri."

"Da na yi me?"

"Ka sani mana."

"Ni mura ce ta shaƙe ni," in ji shi, da murya tangaram wadda ta cika ɗakin. "Tashi, 'yar nan, miƙo mini takalmina. Gobe kuma ki zo da wuri, darakta ya ce a hannunki zan mutu."